Gwanintar Dafa Soɓorodo a Ƙasar Rima

Da zarar hunturu ya kankama a gabashin Sakkwato, iska ta taso ta fadamun Rima da sanyi da ƙura, sai mura da tari su shiga bin gida-gida daga Rabah zuwa Wurno har Goronyo. A lokacin ne ake gane matar da ta iya dafa soɓorodo mai zafi, wanda ake kurɓa maƙogwaro ya washe, jiki ya ɗumama.

Tun daga gona gwanintar take farawa. Da damina ake shuka sure, wato yakuwa, a gefen gero da dawa. Idan kaka ta yi, furen ya kaɗe, sai ya bar jan ɓawo mai kauri rungume da ƙwallon iri. Shi ake tsinka, a zare ƙwallon, a baza a tabarma inda iska ke ratsawa, har ya bushe ƙayau. Gwana ba ta ɗaure shi a buhu da sauran laima, don ta san fumfuna za ta cinye wahalarta.

A bakin murhu kuwa, kowane abu da lokacinsa. Citta da kanumfari da masoro ake fara dakawa a zuba a ruwa su tafasa sosai, domin ba sa sakin ƙarfinsu da wuri. Soɓorodon ɗauraye shi kawai ake yi a ruwan sanyi don yashi ya fita. In aka jiƙa shi, launi da ɗanɗano sun bi ruwan wanki. Sai a ƙarshe ake jefa shi, ya ɗan tafasa, a sauke, a rufe tukunya kamar minti 10. Wadda ta bar shi yana ta zaɓalɓala a wuta, bauri za ta tace. Zuma kuma sai ya ɗan huce take shiga. Duk wannan babu ma'auni sai tafin hannu, da ido mai karanta launi, da hanci mai jin ƙamshi.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan kula a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya wallafa littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Binciken likitocin zamani ma ya nuna soɓorodo na ɗan sassauta hawan jini, shi ya sa mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini ya kamata su fara jin ta bakin likita.

Gwana ta gaskiya ta san iyakar tukunyarta. In zazzaɓi ya ƙi sauka, ko numfashin yaro ya yi sama-sama, ita ce ta farko da za ta ce a tafi asibiti. Wannan sani ya cancanci girmamawa, kuma haƙƙi ne a kanmu mu zaunar da 'ya'yanmu kusa da iyayen da suka iya shi, su koya da hannunsu.