Kwanon da ba a ci

Kullum in na taso daga jami'a nakan biya ta bakin Babbar Kasuwa in ci dambu wajen wata mata. Benci guda ne, da ɗan dako da mai shagon atamfa da ɗalibi irina. Nan ake jin wanda ya ci bashi, da wanda ya ce ya ƙoshi alhali kuɗi ne babu. Amma in ka koma gida ka kunna fim ɗin Kano, sai ka ga wata duniya daban. Tebur dogo, kuloli jere, lemo a kwalba, Alhaji ya kai cokali biyu ya tashi. Kai, wa ke cin abinci haka?

A galibin waɗannan finafinai aikin abinci biyu ne: ko ya nuna arziki, ko kishiya ta barbaɗa magani a ciki. Wadda ta sha hayaƙin murhu ba a ganinta, kuɗin cefane kuma ba a tambayar inda ya fito.

To ku dubi Mandabi na Usman Sembene, fim ɗin 1968. Takardar kuɗi ta zo wa Ibrahima Dieng daga Paris, ba a ma karɓo kuɗin ba, matansa suka ɗauko shinkafa bashi wajen mai kanti. Ya ci ya yi nak, ya yi gyatsa, ya miƙe. Muna dariya, amma gabanmu na faɗuwa, don mun san kowace loma bashi ce. Kwano guda ya faɗi labarin duka.

Ko nan gida akwai misali. A Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Jan Rush ya yi da Damure Zika da Lam Ibrahim Dia, ana bin ƙauyuka da akwalar mota don neman kajin da za a sayar a Yamai. Fim ɗin ya nuna wahalar da ke tsakanin kaza da tukunya.

Laifin ba na ƴan fim kaɗai ba ne. Na duba gajerun labarai uku da na rubuta bara, babu wanda ya ci ko hura a ciki. Kunya nake ji a ga talaucinmu a kwano, shi ya sa. Ƴan'uwa marubuta, mu zauna a bencin nan da biro. Wanda ya wanke hannu a ƙarshe, wanda ya bar nama ga yaro, wanda ya ce a rubuta sai gobe, su ne mutanen labarinmu.