Habaici na neman ɓacewa, zagi ya gaje shi

A Gabi da ƙauyukanta na gefen gulbi, idan mace ta ji haushin kishiya, ba ta tare ta a bakin ƙofa. Turmi take jawowa tsakar gida, ta zuba hatsi, taɓarya na sauka waƙa na tashi. Za ta yi ta ambaton wata kaza mai tonon shara, ko wata tukunya da ba ta riƙe ruwa, ba ta kama sunan kowa ba. Uwar miji na ji, maƙwabta na ji ta bayan danga, kowa ya san inda aka dosa. Idan kishiyar ta tanka, ita ta ba da kanta, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Amfanin habaici ke nan: saƙo ya isa, ƙofar shiri kuma na buɗe. Gobe za a gaisa, tunda ba a ambaci kowa ba. Ko makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, idan za su yi wa ɗan sarki mai hamayya zambo, siffarsa suke zanawa da dabba ko wata halitta, su bar mai sauraro ya gano da kansa.

Yanzu saurari abin da ke yawo a wayoyin samarinmu, daga Madarunfa har Jibiya. Waƙar siyasa da muryoyin WhatsApp da bidiyon TikTok sun fi son suna ƙarara, a haɗa da uwa da uba. Wai haka ne gaskiya da ƙarfin hali. Ni ragwanci nake gani. Zagi ba ya buƙatar tunani, habaici kuwa sai wanda ya san harshe, ya kuma san mutanensa. Ga shi zagin da aka naɗa a waya ba ya gogewa, shi ya sa gaba ke daɗewa tsakanin gidaje.

Masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo sun rarrabe adon harshe, irin wanda habaici ke dogara da shi: kamantawa, siffantawa, jinsintarwa, alamtarwa. A 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Idan za a koyar da waɗannan rabe-raben adon harshe a lakkwal, kada malami ya tsaya ga misalan littafi. Ya tura yara su zauna da kakanninsu mata, su rubuto waƙoƙin daka da na niƙa, tun injin niƙa bai gama raba mata da su ba.