Ku Daina Ɗora wa Sabar Mutane Kali Linux

Jama'a, wani abu yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma da ku nake, matasanmu masu harkar kwamfuta a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Mai kemis ko mai makaranta zai tara kuɗinsa ya sayi saba don ajiye lissafin magani ko sakamakon ɗalibai, ya kira ka ka haɗa masa, kai kuma sai ka zuba mata Kali Linux. Don me? Don hoton dodon nan da ke fuskarta? Don abokai su riƙa ce maka gwanin kutse?

Kali ta fito a 2013 domin masu gwada ƙarfin tsaron na'ura, kuma su kansu masu ita ba su ce a yi aikin yau da kullum da ita ba. Kullum cikin sauyawa take. Saba kuwa san huɗa ne, ba dokin hawan Sallah ba: ana son ya yi ta ja shekara da shekaru ba tare da an ji kansa ba.

Haka masu Fedora. Tana da kyau, amma kowace fitowa wata 13 ne kacal ake kula da ita. Ubuntu da ba ta LTS (mai dogon alkawarin kulawa) ba, wata 9. Wato kafin Alhaji ya mayar da kuɗin injinsa, an daina aiko masa da gyaran tsaro, kai kuma lokacin ka tafi hidimar ƙasa, wayarka ba ta shiga. Wa zai ɗauki injin zuwa Funtuwa? Idan an kai, wa ya san abin da ka cusa ciki?

Kuma kamar mun manta inda muke. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da namu ukun nan, aka shafe watanni babu intanet. Ga wuta da ba ta zama, ga data da tsada. A irin wannan wuri ne za ka ajiye wa mutum na'urar da ke neman sauke sabbin kaya kowane mako?

Na san za ku ce ai dogon alkawari ma ana karya shi. Gaskiya ne. A Disambar 2020 Red Hat ta yanke ran CentOS 8 daga 2029 zuwa ƙarshen 2021, mutane suka kwashi kaya zuwa Rocky Linux da AlmaLinux. Na kuma yarda sabon inji wani lokaci sai sabuwar manhaja ke gane shi. To amma wannan bai wanke Kali ba.

Ga Debian nan tun 1993, ba ta hannun wani kamfani. Ga Ubuntu LTS, tana fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, da kulawar shekara biyar kyauta. Idan ta samu matsala, mai gyara na gaba zai gane ta. Ba su da ado, shi ya sa ba ku son su.

Koyon Kali ba laifi ba ne, ku koye ta a laftof ɗinku, har ma ina ƙarfafa muku gwiwa. Amma amanar wani aka ba ku.

Ku kuma iyayenmu masu shaguna da makarantu, kafin ku biya kuɗin aiki ku tambayi yaron: wace manhaja ya ɗora, kuma har zuwa wace shekara ake kula da ita? Ya rubuta muku a takarda tare da lambar sirrin.