Kiɗan Da Ba Shi Da Ubangida: Nazari A Kan Faya-fayan Mamman Sani

Gabatarwa

A wannan takarda muna so mu duba ayyukan Mamman Sani Abdullahi, makaɗin ogan na lantarki a birnin Yamai, domin mu ga ko ma'aunin da muka saba auna makaɗanmu da shi zai iya ɗaukarsa. Manazarta sun kasa makaɗa gida-gida: na fada, na sana'a, da na jama'a. Wannan rabo ya dogara ne a kan tambaya ɗaya, wato wa ake yi wa kiɗan? To, ga makaɗin da ba shi da ubangida, ba maroƙi, ba 'yan amshi.

Rayuwarsa da faya-fayansa

Mamman Sani ma'aikacin boko ne, bai gaji kiɗa ba. Yana aiki da hukumar UNESCO ya sayi ogan ƙirar Italiya daga hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasar Nijar, aka buga kofe kaɗan ƙwarai. Duk da haka rediyo da talabijin sun yi shekaru suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, har jama'a suka haddace shi. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fito da kaset ɗin a faifai, bayan Christopher Kirkley ya ci karo da shi a Yamai. A 2014 aka fito da *Taaritt*, wanda ya ɗauka tun shekarun 1980.

Sharhi

Abin da ya yi shi ne ɗauko karin waƙoƙin makiyaya, irin na Woɗaaɓe da Buzaye, ya tuɓe musu kalmomi, ya ɗora su a kan na'ura. A "Salamatu", alal misali, gajeren kari ne yake ta komowa a hankali, kamar tafiyar raƙumi. Nan ne ƙarfinsa, nan ne kuma rauninsa. Kalangu yana magana, domin makaɗi yakan matse tsarkiya ya bi hawa da saukar muryar Hausa. Bugun na'ura kuwa ba ya lanƙwasa, ba ya kiran sunan kowa, shi ya sa wani lokaci yakan gundiri kunnen da ya saba da take da kirari.

Amma ba mu yarda cewa wannan ya fitar da shi daga kiɗanmu ba. A ganinmu ya nuna cewa kari yana da rai nasa na kansa, ko an raba shi da yabo da roƙo. Francis Bebey na Kamaru, masani kuma makaɗi, ya bi irin wannan hanya a shekarun 1970.

Kammalawa

Abin da ya fi damunmu shi ne shekara 35 da kaset ɗin ya yi a ajiye kafin baƙo ya zo ya tono shi. Laifin ma'auninmu ne: abin da bai shiga rabonmu ba, ba mu adana shi. Makiyaya masu irin wannan kari suna sauka fadamar Haɗejiya kowace rani, kusa da masunta masu nasu waƙoƙin. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai da rakoda, kafin a sake jiran wani baƙon.