Mun Sha Ruwan Kusugu, Amma Me Muka Ɗebo? Sharhi a Kan Rahotannin Ziyararmu ta Daura

Gabatarwa

A hutun hunturun da ya wuce ne ƙungiyarmu ta kai ziyara birnin Daura. Mun bar Kano da sassafe, hazo ya rufe hanya har sai da direba ya kunna fitila, muka bi ta Kazaure, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Bayan mun dawo, uku daga cikin 'yan'uwa suka rubuta rahoton tafiyar, aka buga su a fitowar da ta gabata. A kansu ne zan yi wannan ɗan sharhi. Ba zan kama suna ba, domin da rubutu nake, kuma ni kaina da na buɗe ɗan littafin da na riƙe a ranar, irin abin da suka rubuta na tarar a ciki. Laifi tudu ne, gara in fara taka nawa.

Abin yabo

Dole a yaba wa marubutan uku. Hausarsu tsab take, sun kiyaye ƙa'idojin rubutu, sun kuma jera abubuwa daki-daki: isowarmu, gaisuwa a fada, sa'an nan rijiyar Kusugu. Na biyunsu ma ya yi abin da ake so ga mai labarin tafiya, inda ya siffanta yadda ginin da aka yi a kan rijiyar ya sa ɗaya daga cikinmu ya wuce ta bai sani ba, da yadda guga ya yi ta yawo hannu-hannu kowa na son ya kurɓa. Wannan gani ne da ido, kuma shi ne wuri mafi armashi a cikin rahotannin duka.

Inda gizo yake saƙa

Matsalar tana ga labarin Bayajidda, wanda ya cinye fiye da rabin kowane rahoto. Biyu daga cikinsu sun kwafe shi yadda mai yi mana bayani ya faɗa. Watau ɗan sarkin Bagadaza ya zo Borno ya auri 'yar sarki, ya gudu ya bar ta a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Suka rufe da cewa daga nan Hausawa suka samo asali. Na ukun kuwa ya bi ɗaya hanyar, ya ce duk tatsuniya ce, bai kamata mai ilmin zamani ya ɓata lokacinsa a kanta ba.

A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi sake. Masu kwafewa sun ɗauki labarin tarihi tsantsa, mai watsarwa ya ɗauke shi shirme, amma ba wanda ya zauna ya nazarce shi yadda aka koya mana nazarin adabin baka, a duba jigo, a duba zubi da tsari, a tambayi wa yake ba da shi kuma don me. Mu ɗaliban Hausa ne, wannan shi ne aikinmu.

Da sun yi haka, da abu na farko da za su gani shi ne labarin da kansa bai ce Bayajidda ne uban Hausawa ba. Ai da ya zo ya tarar da gari mai sarauniya, da maƙera a Gaya, da tsohuwa mai ba baƙo masauki. Har ma ana fassara sunansa da cewa ba ya jin harshen mutanen da ya tarar a da. To, wane harshe ke nan? Daɗin daɗawa, Daurawa suna da jerin sarauniyoyin da suka yi mulki kafin Daurama, tun daga Kufuru. Binciken masu tonon ƙasa ma ya nuna ana narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Ashe ke nan jigon labarin shi ne asalin sarauta: yadda mulki ya fita daga hannun mata ya koma na maza, da yadda gidajen sarautar ƙasar Hausa suka zama 'yan'uwan juna.

Abu na biyu shi ne zubi. Baƙo ya zo, ya kashe dodon da ya tsare ruwa, wasu suka yi ƙaryar su suka kashe, ya fito da kan a matsayin shaida, ya auri mai gari. Wannan tsari ba Daura kaɗai take da shi ba. Alal misali, Soninke suna da labarin macijin Bida na daular Wagadu, watau tsohuwar Gana. Sai dai can kashe macijin fari ya jawo, daula ta watse, a Daura kuwa ruwa ya jawo, daula ta kafu. Kwatanta waɗannan biyu kaɗai ya isa maƙala guda, amma ba wanda ya waiwaye shi.

Abu na uku, babu rahoton da ya nuna cewa masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan batu. A cikin Infaƙul Maisuri na 1812, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wata ruwaya dabam, wadda ta danganta Bawo da bawan sarkin Borno. A 1966 Hallam ya yi ƙoƙarin haɗa Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimiyyawa tawaye a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, aka kashe shi a 947. A 1970 kuma Abdullahi Smith ya yi suka ga masu ganin wani baƙo ne ya kafa daulolin Hausa dare ɗaya, ya nuna cewa sun tsiro ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. Ba dole ne ɗalibi ya yarda da ɗayansu ba, amma wajibi ne ya sanar da mai karatu cewa maganar ba ta ƙare a bakin rijiya ba.

Haka kuma tarihin Daura na kusa, wanda babu gardama a kansa, bai sami ko layi ɗaya ba. Bayan jihadi sarakunan Haɓe sun bar birnin sun koma Zango da Baure, sai a 1906 Turawa suka mai da Malam Musa kan gadon. Duk gidan sarautar da ya yi shekara ɗari a waje sa'an nan ya dawo, labarin da ke cewa shi ne tushe ba abin wasa ba ne a wurinsa. Wanda ya san wannan zai saurari mai bayani da wani kunne dabam.

Me ya sa abin ya dame ni?

Wani zai ce ai rahoton yawon buɗe ido ne kawai, mene ne na tsanantawa? Amsata ita ce, yawancinmu aji za mu shiga bayan mun gama. Rahotanni biyu sun kawo jerin Hausa Bakwai da Banza Bakwai ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. Sun ce 'ya'yan Bawo shida, masu Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, tare da Biram, su ne na ainihi, zuriyar Karɓagari ɗan kuyanga kuwa su ne banza. To, a motar da muka tafi akwai Bazamfare, akwai Bakabe, akwai wata 'yar'uwa Banufiya wadda ta fi da yawanmu iya Hausa. Na ga yadda ta sunkuyar da kai lokacin da ake lissafin. Malamin da zai rubuta wannan jeri a allo ba tare da ya gaya wa yara cewa magana ce ta siyasar sarakunan da, kuma jerin ma yakan bambanta daga ruwaya zuwa ruwaya, ya shuka abin da bai san ranar girbinsa ba.

Kammalawa

Shawarata ga masu rubuta rahoton ziyara ta gaba ita ce su raba abu uku: abin da suka gani da idonsu, abin da aka gaya musu, da abin da suka karanta. Su faɗi wanda ya ba su labari da matsayinsa a gari. Su kuma nemi baki fiye da ɗaya, domin da mun tsaya mun tambayi tsofaffin matan unguwar, wataƙila da mun ji Daurama da Ayana ta wata fuska. Ga shugabannin ƙungiya kuwa, ina roƙon a riƙa shirya zama da ɗaya daga cikin malamanmu kafin a hau mota, don kowa ya tafi da tambaya a bakinsa.

Ina fata 'yan'uwana uku za su ɗauki wannan da kyakkyawar niyya, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. In na yi kuskure, filin mujallar nan a buɗe yake, su mayar mini da martani. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.