Lissafin da ake yi kafin a sake gasa ciwon daji

Mai ciwon daji da ke zaune a Daɗin Kowa a Jos, idan likita ya ce sai an yi masa gashi, hanya ce a gabansa. Shekara da shekaru mutanen Jos suna ɗaukar majinyatansu zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos cikin asibitoci shida da za a gina wa cibiyar kula da ciwon daji. To amma ko an kawo na'urar gashin ƙofar gida, akwai aikin da ba ita ke yi ba. Shi ne lissafin da likitan gashi da masanin fiziks na asibiti suke zama su yi idan ciwon ya dawo inda aka taɓa gasawa.

Ana auna hasken gashi da ma'aunin da ake kira gire, sunan wani masani ɗan Ingila, Louis Harold Gray. Bisa al'ada, gire 2 ake bayarwa a zama ɗaya, kwana biyar a mako. Hasken ba ya zama a jiki, amma lafiyayyen naman da ya ratsa ba ya manta shi. Kowace gaɓa da iyakar abin da za ta ɗauka. Lakar da ke cikin ƙashin baya, alal misali, ana ƙoƙarin kada ta wuce gire 45 zuwa 50, domin idan ta lalace ƙafafu ne ke mutuwa, kuma sai bayan watanni abin yake bayyana.

A nan gwanintar take. A ce mace ce, kansar mama ta bazu zuwa ƙashin bayanta, aka ba ta gire 30 a zama goma. Bayan shekara biyu zafin ya dawo, ana shawarar ƙara mata gire 20 a zama biyar. Ɗan firamare zai ce 50 ke nan, an tsaya daidai kan iyaka. Masanin fiziks ba zai yarda ba. Ruwan da ya sauka yayyafi-yayyafi cikin wata guda ba ya yi wa katangar ƙasa abin da zai yi mata idan ya zuba a dare ɗaya. Haka laka take: yawan abin da aka ba ta a zama ɗaya ya fi damunta. Saboda haka sai ya mayar da kowane gashi kamar a ce gire bibbiyu aka bayar, da dabarar lissafin da Jack Fowler ya yaɗa a 1989. Gire 30 ɗin farko ya koma 37.5, na biyun ya koma 30. Jimla 67.5.

Da a nan aka tsaya, da an sallami matar da zafinta. Amma gwajin da Kian Ang da abokan aikinsa suka yi a kan birai a Amurka, wanda aka buga a 2001, ya nuna laka tana gyara kaso mai yawa na raunin cikin shekara ɗaya zuwa uku. Don haka wasu cibiyoyi sukan yafe kwata ko rabin gashin farko idan an daɗe, kuma galibi ba a son tazarar ta gaza wata shida. In aka yafe rabi, lissafin ya sauko wajen 49. Nawa za a yafe? Babu na'urar da ke yanke wannan, hukunci ne na wanda ya san aikinsa. Ƙoda kuwa ba a yi mata irin wannan rangwame, don rauninta ƙaruwa yake yi da lokaci.

Sai kuma abin da ni ya fi burge ni. Jikin da aka gasa shekara biyu baya ba shi ne ke kwance yau ba. An rame, wataƙila an yi tiyata, gaɓoɓi sun gusa. Masanin yakan ɗora tsohon hoton siti sikan a kan sabo, ya bi ƙashi ɗaya bayan ɗaya har ya gano daidai inda haske ya bi. Idan kuma tsohuwar na'urar kobalt ce aka yi amfani da ita, kuma babu komai a kwamfuta, sai ya sake gina tsarin daga rubutun kati da ɗigon tawadar da aka bari a fata. Inda ya yi shakka, mafi munin zato yake ɗauka.

Duk wannan ilimi a kan takarda ɗaya yake tsaye. Ranar da kuka gama gashi, ku roƙi a rubuta muku wurin da aka gasa, gire nawa, zama nawa, da ranar farawa da ta gamawa. Ku ɗauki hotonta a waya, ita kuma ku adana ta tare da takardun fili.