Jinjina ga Maƙeran Gaya, Abokan Rijiya

Duk wanda ya je Daura ya ɗebi ruwan rijiyar Kusugu a gora don neman waraka, akwai bashin godiya a kansa ga maƙeran Gaya. Tarihin baka ya ce a hannunsu Bayajidda ya karɓi wuƙar da ya sare macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana Daurawa jan ruwa sai ranar Juma'a. Har yau baƙi na sha, suna shafawa a jiki, suna kai wa marasa lafiya tsaraba, da imanin cewa Allah ya sa albarka a ciki.

Irin wannan girmamawa ga rijiya ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A Ailan akwai rijiyoyi kusan 3,000 da ake dangantawa da waliyyai, kamar ta Brigid a Kildare, inda masu ciwo ke ɗaura ƙyalle a reshen bishiya.

Amma rijiya ba ta haƙa kanta. A ƙauyukan Gaya da Ajingi, dagin da ke fasa marmara daga maƙera yake fitowa. Yaro na kan zugazugi, gawayi ya yi ja, maƙeri ya cafko ƙarfe da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, masaba ta sauka har baki ya fito. Sai ya tsoma shi a ruwa don ya yi tauri.

Ya ku maƙera, ko da famfon burtsatse ya yawaita, mai haƙa da mai yasa ƙofarku suke zuwa. Sannunku da wuta, Allah ya ƙara wa hannu albarka.